Masakwar Inna Dudu

Garwa zuwa Marwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar Talata na fito daga gidanmu a unguwar Poumpoumré ta Garwa, ɗauke da jaka da buhu biyu waɗanda ba komai a ciki. A tasha na tarar da Alhaji Sale, shugaban ƙungiyarmu ta adana irin shuka na gida. Ni ce mai kula da ɗakin iri. Ta'aziyya za mu je Maga, ta Inna Dudu, wadda tare da ita muka kafa ƙungiyar mu uku.

Amma ba ta'aziyya kaɗai ta fito da mu ba. Inna tana da wata masakwa, dawar rani ke nan da ake dasawa bayan ruwa ya janye, fara mai zaƙi, wadda ta gada wajen kakarta. Wadda muka raba wa manoma ambaliyar bara ta cinye. Abin da ya rage dami uku ne, rataye a hayaƙin madafarta don kada ƙwari su taɓa. Sau biyu tana bugo mini waya in zo in ɗauka, ni kuma ina cewa sai mun gama taro.

Kuɗin mota jaka uku da rabi na sefa. Muna wuce Pitoa na ce, "Alhaji, bari in kira Asta in ce ta ajiye mana damin nan." Asta ita ce 'yar marigayiyar.

"Haba Hajiya. Uwarta ta rasu, mu kuma mu bugo muna tambayar dawa? Sai mun je mun zauna tukuna."

Na ga gaskiyarsa, na mayar da wayar jaka. Shi kuwa ya kama gyangyaɗi, mutumin da in yana taro ba ya barin kowa ya lumshe ido. A Figuil jandarma suka karɓi katinmu na shaida, suka duba, suka miƙo. Ƙarfe goma da rabi muka shiga Marwa, bayan tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai.

Marwa zuwa Maga

Sai da muka yi awa biyu kafin ƙaramar motar Maga ta cika. Muka ci ƙosai da kunu a bakin tasha. Hanyar Bogo ta jijjiga mu yadda ya kamata. Direban ya tambayi inda za mu sauka, da na faɗa sai ya rage gudu.

"Inna Dudu mai raba iri? Allah ya jiƙanta. Mahaifina ma ya taɓa karɓa a hannunta."

Ƙarfe uku da kwata muka isa. Gidan cike yake, ranar sadakar bakwai ce. Asta ta rungume ni muka yi kuka mai isarmu. Ina zaune ina hangen ƙofar madafar, amma kunya ta hana ni tashi in leƙa.

Bayan la'asar aka kawo mana tuwo da miyar kuka da busasshen kifin tafki. Sauran baƙi shinkafa aka ba su, mu biyu da dattawan unguwa ne kawai aka yi wa tuwo. Fari ne tas, ga laushi, ga wani ɗan zaƙi a ƙarshen harshe. Yunwa nake ji, na cinye har na suɗe kwano. Na jiyo Alhaji daga zaure yana sa wa mai tuƙin albarka.

Sai da aka kwashe kwanuka na jawo Asta gefe, na yi ƙasa da murya.

"'Yata, damin nan uku da Inna ta rataye a madafa, suna nan ko?"

"Ai su kuka ci yanzu, Gwaggo. Kullum tana cewa na mutanen Garwa ne, kada kowa ya taɓa. Da na ji kuna tafe sai na sa aka sussuke, aka kai inji tun da safe."

"Duka?"

"Duka. Ban so a ce kun zo gidanta ba ku ci abin da ta ajiye muku ba."

Tana faɗa tana murmushi cikin hawaye, don a ganinta ta cika wa uwarta wasiyya. Na shiga madafar. Igiyoyi uku ne ke lilo a jikin azara, baƙi ƙirin da hayaƙi. Na duba turmi, na duba inda aka yi shiƙa, kaji sun riga ni. Baƙin cikin da na ji a wurin ya fi na ranar da aka gaya mini rasuwar, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Da na gaya wa Alhaji, sai ya ce, "Kada ki gaya wa yarinyar nan." Ban gaya mata ba.

Komawa

A ɗakin Inna na kwana. Laraba ƙarfe shida muka kama hanya, bayan mun tsaya gida huɗu muna tambaya ko wani ya rage ko da zangarniya ɗaya. Babu. Muka iso Garwa ana kiran magariba.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, mun gode wa mutanen Maga. Asta kuwa na kira ta na yi mata godiya ta musamman. Ta tambaye ni ko tuwon ya yi daɗi. Na ce mata ban taɓa cin irinsa ba, kuma ba zan ƙara ci ba.