Ɗan Tsako Ruwan Toka

Yau da safe na leƙa akurki a gidanmu na Ƙofar Kuyambana, sai ga ɗan tsako ruwan toka a tsakiyar baƙaƙe. Na daɗe a tsugune ina kallonsa.

Marigayi Baba ya yi kiwon bantam, ƙananan kajin adon nan da ake kaiwa gasa. Akwai wani zakara ruwan toka da yake ji da shi sosai. Da zakaran ya mutu, 'ya'yan da ya bari duk baƙaƙe ne. Baba ya hana a sayar da su, ya hana a kawo zakaran waje. Ya ce launin yana jininsu, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi zai fito. Kafin su fara ƙwai Allah ya yi masa rasuwa.

Na kai wa Inna tsakon a tafin hannu.

Ta ce, "Ni ka fara kawo wa?"

Na ce, "Ke mana, Inna."

Ta ce, "Ai na ga ka nufi zaure tukuna."

Gaskiyarta. Sai da na ga tabarmar Baba a naɗe na tuna.

Ku fa, wa kuke fara nufa da albishir har yanzu, alhali ba ya nan?