Minti Goma Sha Biyu Kafin Lodi

A ƙarshen shekarun casa'in muka sa kwamfuta a ofishinmu na Tudun Wada, ni da yayana. Ba don burga ba. Masara muke saye daga Doguwa har Bebeji muna lodawa kudu, sai kamfanin abincin kajin da ke karɓar yawancin kayanmu ya ce ya daina karɓar takardar lodi ta biro, sai bugaggiya. Wani injiniya daga Kano ya zo ya haɗa mana guda uku da waya: ɗaya a ɗakin Yaya, ɗaya a nawa, babbar kuma a ɗakin tsakiya inda Malam yake zama.

Malam mutumin Yako ne, ya girme ni da shekaru. Ya yi ritaya daga aikin tafireta a sakatariya, ya koyi kwamfuta da furfurarsa, muka ɗauke shi. Injiniya ya buɗe masa ƙaramin suna da zai riƙa shiga yana shirya takardu. Akwai kuma babban suna, na shugaba, wanda shi kaɗai ke iya sakin takardar lodi ta fito da lambarta. Ni na ce a yi haka, don na taɓa ganin an karkatar da mota guda ta masara da takardar jabu. Kalmar sirrin babban sunan daga ni sai Yaya.

Da damina Yaya ya rasu, jinyar kwana tara. Ya bar yara ƙanana, saboda haka aka yi abin da aka saba yi: aka kashe komai a ɗakinsa, aka kulle, aka kai wa baffanmu makulli sai ranar rabon gado. Daga butar alwala har kwamfutar, duk sun zama kayan marayu.

Bayan rasuwar na lura shiga da babban suna ta fara ɗaukar lokaci, amma ban damu ba. Lodi da damina bai fi ɗaya a sati ba, ni kuma a kwanakin nan ko babu dalili ina iya zama in zuba wa bango ido. Sai da kaka ta kama na san ina cikin matsala. In rubuta kalmar sirri, in danna, sai allon ya tsaya. Na taɓa ajiye agogona a kan tebur: minti goma sha biyu. Kuma ba sau ɗaya ba ne a yini. Wutar gari ba ta zama, janaretonmu kuma tsoho ne, duk lokacin da ya yi tari komai ya mutu, sai an sake daga farko.

Direbobi suna son su ratsa dajin Falgore da sauran rana. Su cika baranda, mota a ɗaure da tamfol, takarda kawai ake jira.

"Alhaji, ko na'urar ba ta karya kumallo ba ne?" in ji wani tsohon direba mai yawan tsiya. "A kawo mata koko mana."

"In ta sha koko ai barci za ta koma," wani ya amsa masa.

Sau biyu na aika aka ɗauko injiniya. Zuwan farko ya sauya waya, ya ƙara mata wani ɗan ƙarfe da ya ce zai ƙara mata ƙwaƙwalwa. Babu abin da ya canza. Zuwa na biyu ya ce cuta ce ta shige ta, ya yini yana zura faifai yana zarewa. Da zai tafi ya ja ni gefe.

"Alhaji, in ba ka nan, wa yake taɓa ta?"

Maganar ta zauna mini. Sunan Malam yana shiga kafin ka ƙifta ido, nawa ne kawai yake rarrafe. Na fara raya wa kaina cewa so yake in gaji in miƙa masa kalmar sirri. Na daɗe a kasuwa, na saba neman hannun mutum a bayan kowace tangarɗa, kuma sau da yawa ina samu.

Wata Litinin janareto ya mutu sau uku kafin azahar, mota huɗu a tsaye. Na fito baranda, Malam ya biyo ni da takardu a hannu, na juya na faɗa masa a gaban direbobi:

"Malam, naka yana gudu, nawa yana rarrafe. In kalmar sirri kake so, ka fito fili ka faɗa. Zuwa Juma'a in ba ta gyaru ba, ka koma gida ka huta."

Malam ya ce, "To, Alhaji," ya koma ciki. Yana da iyali takwas a Yako, kuma na san fanshon nasa ba kullum yake zuwa ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya yi sallama a ƙofata, ya shigo da wani ɗan littafi. Ya ce in shiga da babban suna, amma wannan karon in dubi can ƙasan allon. Na danna. Akwai wani siririn layi na Turanci da ban taɓa kulawa da shi ba. Ya buɗe littafin, ga layin ya kwafe shi da biro, harafi bayan harafi. A tsakiyar Turancin ga sunan Yaya. Da sunayenmu injiniya ya raɗa wa na'urorin ranar da ya haɗa su, shi kansa ya manta.

"Ƙaramin suna babbar na'urar kawai yake gaisarwa ya wuce," in ji Malam. "Na shugaba kuwa sai ya bi ɗaki ɗaki. Yana zuwa ƙofar marigayi ya yi sallama, ba a amsa ba, ya tsaya. Ya sake yi, ya tsaya. Sai ya yi sau uku yake haƙura."

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Zato na yi tun farkon kaka. Ina leƙen allon in na kawo maka takarda."

"Ka bari na ɗauko mutum daga Kano har sau biyu? Ka bari na faɗa maka abin da na faɗa?"

Ya dubi ƙasa. "Alhaji, in ce maka me? Ko sunansa ba ka iya ji a lokacin. In zo in ce shi ne ya tare hanya?"

Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda ba ta aiki ba.

Hanya biyu ce, in ji shi: ko a kunna kwamfutar Yaya kullum ta riƙa amsawa, ko a goge sunanta daga jerin da babban suna yake bi. Na hau babur na tafi wurin baffa neman makulli. Ya saurare ni har na gama.

"Ba za a buɗe ba sai ranar rabo," ya ce. "Da wannan janareton naka? In kwamfutar ta ƙone, kai za ka tsaya gaban yaran ka yi musu bayani?"

Gaskiyarsa ce, ban yi musu ba.

Da safiyar Juma'a na shiga, muka zauna ni da Malam muka cinye minti goma sha biyun nan. Ya nuna mini inda jerin yake. Layi uku ne ke ɗauke da sunan Yaya. Na tura masa kujera don ya goge su, ya ƙi zama.

"Kai za ka danna, Alhaji. Ni ba hurumina ba ne."

Na danna sau uku. Muka kashe, muka kunna, na rubuta kalmar sirri. Kafin in ɗauke hannuna daga kan maɓallan ta buɗe. Watanni ina jiran wannan, amma ban ji daɗin komai ba.

Na ce masa ya yi haƙuri, aikinsa yana nan. Ya ce ya gode, zai zauna.

"Sai dai abu ɗaya, Alhaji. A baranda aka faɗi waccan maganar."

Na fahimce shi. Na fita baranda na ce wa waɗanda ke wurin na zargi Malam da abin da bai yi ba, laifin ba nasa ba ne, kuma ina neman afuwarsa. Direba biyu ne kawai a cikinsu suka ji maganar Litinin. Sauran suna kan hanya, wasu sun kai kudu, kuma na san direbobi da labari: duk tashar da suka tsaya shan shayi sun sauke shi a can. Sati uku na yi ina maimaita wannan bayani, duk wanda ya dawo in tare shi kafin ya kashe mota. Wasu ba su sake yi mana lodi ba, ban same su ba har yau.