Ludayin Malam Sanda

Shekaruna saba'in da shida a duniya, kuma a wannan wata ne aminina Malam Sanda na Shagari ya cika shekara goma sha biyu da komawa ga Ubangijinsa. Ɗalibansa sun sha bayyana zurfinsa a fiƙihu da haƙurinsa wajen karantarwa, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so masu karatu su sani shi ne abin da ya yi da ludayin fura, 'yan shekaru kafin rasuwarsa.

Al'adar Malam ce duk ranar kasuwa, in an idar da Azahar, a fito da ƙwaryar fura zaurensa. Ludayi ɗaya ne tak, yana zagayawa daga babba zuwa ƙarami, kuma wanda ludayin nan yake biyowa ta hannunsa, gari ya shaide shi mutumin kirki ne. Ni daga Bodinga nake zuwa da kayan kolina, ba na fashi sai da lalura. Cikin mazauna zauren akwai Umaru tela, wanda aikinsa a wuyan babbar riga ba ya ɓuya a taro. Da izininsa na ambaci sunansa.

A wata shekara Umaru ya yi ta rama da zazzaɓi, har asibiti suka tabbatar masa yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Magana ta fita, ban san ta bakin wa ba. Azumi ya gabato, lokacin da tela yake tara abincin shekararsa, sai ga mutane suna zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Kekensa ya yi shiru, ga iyali a gida. Ya daina zuwa zaure, ya soma neman mai sayen keken domin ya bar garin.

Ana gab da kama azumi Malam ya sa aka kira shi. Ya zo ya raɓe a bakin ƙofa. Alhaji Garba mahauci, wanda a ganinsa kyautatawa yake yi, ya zo da sabon kofin roba, ya ɗiba masa fura, ya ajiye a ƙasa gabansa.

Malam ya dubi kofin, ya ce, “Alhaji, baƙo munka yi?”

“Allah shi gafarta Malam, kiyayewa ce kawai. Kowa na da iyali.”

“Kai da kake yini da hannu cikin tumbin shanu, yau kai za ka koya muna tsabta?” Aka ɗan yi dariya. Malam bai yi ba. Ya ce, “Kukan zo ku tambaye ni hukuncin alwala don na karanta. To, ni ma na tahi asibiti na tambayi waɗanda sunka karanta. Sun ce ciwon ga ba ya bin hura, ba ya bin musabaha, ba ya bin sahun salla. Umaru, matso.”

Ya ɗora masa ludayin a hannu tun kafin dattawa su taɓa. Umaru ya ce a bar shi da kofinsa. Malam ya ce, “Sha.” Ya sha. Malam ya karɓa, bai ɗauraye ba, ya cika ya shanye, sa'an nan ya miƙa wa na damansa, wato Alhaji Garba. Alhaji ya daɗe yana kallon ludayin. Daga bisani ya kai baki, ya shafa gemu, ya ce nonon yau ya cika tsami. Ludayi ya zagaye zauren kamar kullum.

A ranar Malam ya ba Umaru yadin Sallarsa domin ya ɗinka masa. Da ya sa rigar ranar Idi, duk wanda ya yaba sai ya faɗa masa sunan tela da ƙarfi. Sannu a hankali yaduka suka dawo, ba a sayar da keken ba.

Nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce da zamaninmu. Zai yi hamdala ganin magani ya wadata, mai cutar yana noma gonarsa, matarsa ta haihu ba tare da jinjirin ya ɗauka ba. Amma ina zaton ransa zai ɓaci in ya ji har yanzu akwai masu tsallake asibitin garinsu su tafi wani gari karɓar magani don kada a gan su, kuma asirin da dā sai a zaure ake tona shi, yanzu waya ce take kai shi Lambara da Horo Birni kafin mai shi ya isa gida. Kofin roba bai ɓace ba, wurin ajiye shi ne ya sake.

Littattafan Malam suna hannun ɗalibansa. Abin da ya bar mana mu da ba malamai ba, na gan shi ranar jana'izarsa. Da aka shimfiɗa farin yadi aka ce wa zai ɗinka likkafani, jama'a ba su dubi kowa ba sai Umaru. Ya zauna a tsakiyar zauren ya ɗinka da hannunsa, Alhaji Garba yana riƙe masa bakin yadin. Umaru yana nan da ransa, ya yi furfura, har ya aurar da 'ya'ya.

Allah Ya jiƙan Malam Sanda. Ba ni kaɗai na ga wannan ba: Alhaji Garba yana raye, haka Liman Buhari na Mandera da Shehu wanzami, kuma dukkansu sun sha da ludayin nan.