Amshin Lugude da Jikata Zulai

A gidanmu na Gwale, in an idar da sallar magariba an ci tuwo, kakarmu Iya Gambo takan jawo tabarma kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba mace ce mai wasa da yara ba. Mafici ne a hannunta, kuma ba don zafi kaɗai take riƙe shi ba. "Ga tatsuniya nan tafe," in ji ta, "wanda bai iya amshi ba ya tashi tun da wuri." Kowace tatsuniyarta da waƙa a ciki. Ita ke bayarwa, mu mu amsa. Ka riga 'yan'uwanka shiga, mafici a ka. Ka makara, mafici a ka.

Wadda ta fi zauna min ita ce ta wani mai gari da ya ce waƙa aikin banza ce, ya hana ta a garinsa. Washegari mata uku suka hau turmi ɗaya za su yi lugude, kowacce ta kame bakinta. Babu waƙar da za ta gaya wa kowacce lokacin sauke taɓaryarta. Taɓare suka yi ta karo, gero ya watse, ta ukunsu ta tashi da karyayyen yatsa, ita kuwa 'yar mai garin ce. Iya takan tsaya nan ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. "Ba murya nake koya muku ba, marasa kunne. Saurare nake koya muku."

Na tsufa da wannan maganar. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na gaza wanda ya yi ba.

Bana, da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓa, makaɗa suka cika gari suna bin motocin 'yan siyasa. Sai ɗana Habibu ya ji cewa 'yarsa Zulai ta shiga ajin kiɗa da waƙa a sakandarensu. Ya shigo ɗakina yana huci, wai gidanmu ba gidan maroƙa ba ne, wai gobe za a gan ta a bayan motar kamfen ta zama zabiya, don haka zai je ya cire ta. Yarinyar na tsaye a bakin ƙofa. Sau biyu ta buɗe baki za ta yi bayani yana katse ta.

Na san abin da ajin ya yi mata. Zulai da in ana magana sai ta tsoma baki, yanzu takan jira a kai aya. Ta ce min su talatin suke rerawa, in ɗaya ta yi gaggawa duka sun lalace, dole kowacce ta ji ta kusa da ita.

Na ce masa, "Roƙo daban, koyo daban. Kai da aka yi wa karatu har jami'a, ka bar 'yarka ta ƙarasa magana ɗaya mana."

"Inna, ba ki san zamani ba."

"Na san ka, ya ishe ni. Muddin ina numfashi a gidan nan, ba mai cire ta."

Ya buga ƙofa ya fita. Tun ranar daga zaure yake aiko min da gaisuwa, ni kuma ba na amsa gaisuwar aike. Zulai tana zuwa ajinta. In yana son ya ji abin da ake koya mata, ya san hanyar ɗakina, sai dai fa zai zauna ya yi shiru har ta gama.