Akwatin da Ya Cika Santsi

Babanmu kafinta ne, irin wanda in ya gama kujera sai ya rufe ido ya bi ta da tafin hannu. Ya ji kaushi ko kaɗan, ranar kowa ya shiga uku. Jiri ne ya raba shi da shago, likita ya ce ko kan benci kada ya ƙara hawa.

Da tsutsa ta addabi kabejin Mama a bayan gida, ta ce feshi za ta yi. Baba ya ce a ba tsuntsaye masauki su cinye ta. Ya haɗa ɗan akwati mai ƙaramar kafa, ya bi shi da samfefa, takardar goge katako, ciki da waje har yana sheƙi. Ni na kafa shi a bishiya, yana ƙasa yana mita wai na karkata shi.

Tsuntsaye suka zo, suka ƙyanƙyashe, tsutsa ta ragu. Baba ya ishe mu da cika baki.

Wata safiya iyayen tsuntsayen suka daina shiga akwatin. Suna kan reshe suna ta kiran 'ya'yan su fito. Daga ciki muna jin kuka da kartar farce, sai ƙarar faɗuwa. Har rana ta take ba wanda ya leƙo, kukan kuma sai raguwa yake.

"Santsi ne," in ji Baba. "Ba su da abin kamawa su hau. Ni na jawo musu."

Ya ɗauko tsani.

"Malam, maganar likita fa?" in ji Mama, tana nuna ni. "Bar ta ta hau."

"Ba ta san inda na ɓoye ƙusoshin akwatin ba. Ke, riƙe min."

Na riƙe, haushi da tsoro sun cika ni. Can sama ya tsaya cak, ya jingina goshi da bishiya, tsanin yana rawa a hannuna. Mama ta kama salati. Da ƙyar ya ɗago, ya ɓalle gefen akwatin, ya rufe 'ya'yan da hularsa, ya shiga kartar katakon nan da ƙusa. Da ya sauko, a ƙasa ya zube yana haki.

Kafin yamma na farko ya leƙo, ya tashi.

Har yau Baba yana haɗa akwatunan. In ya gama goge waje, sai ya miƙo min ƙusa ya kau da kai.

"Karce cikin sosai," yakan ce. "Amma bari in fita tukuna."