Ranar da Baba Ya Shiga Sansanin Jirage

Kakata ta wajen uba ba a cikin birni ta rasu ba. Mu mutanen Madabo ne, amma a da muna da gandu a bayan gari, inda ake tarewa da damina a yi noma, a dawo gida bayan girbi. A can ciwo ya kama ta, a can ta cika, kuma tunda ba a ajiye gawa, a ranar aka binne ta a gefen gonar, gindin wata tsamiya. Babana yana yaro lokacin, amma da shi aka tsaya a bakin kabarin. Ba a daɗe ba Turawa suka zo da waya mai ƙaya suka zagaye gonar da ta maƙwabta, wai ana yaƙin duniya, jiragensu na neman wurin da za su sauka su sha mai.

Baba bai taɓa cewa a mayar masa da gona ba. Abu ɗaya yake so: ya tsaya a wurin ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya kuma nuna mini inda take. Mu ba ma rubuta suna a kabari, kuma duk waɗanda suka je jana'izar sun mutu sai shi.

Wurin nan kuwa ya fi mai tebur canza kayan sayarwa. Da yaƙin Turawa ya ƙare, aka ce ya zama na fasinja da alhazai. Da aka yi yaƙin basasa, soja suka karɓe ɓangaren da gonarmu take. Ina firamare aka ce makarantar koyon tuƙin jirgi ce, muna hawa Goron Dutse muna kallon ƙananan jirage suna zagaye gari suna cika wa mutane kunne. Daga baya ƙarar ta yi ta raguwa har muka daina ji. Wani direba da ke kai wa sojojin ruwa ya ce mana jiragen na nan a jere, tayoyi sun sace, ciyawa ta kai musu ciki, matan barikin kuma suna shanya kuɓewa a kan fukafukansu. Duk wannan sauyi da aka yi, amsar mai gadin ƙofa ba ta taɓa sauyawa ba: wurin tsaro ne, ba a shiga.

To, ga mu da namu a ciki. Ɗan ƙanin Baba ne, a gidanmu ya tashi, kwano ɗaya muke ci da shi. Da ya shiga sojan sama ya sami anini a kafaɗa, sai gidan gaba ɗaya ya koma kiransa Yallaɓai, har da waɗanda suka yi masa wanka yana jariri. Ba ya cire baƙin tabarau ko a cikin zaure. In ya zo gaisuwar Sallah sai ya riƙa duban sama yana ƙanƙance ido kamar wanda ya bar wani abu a can, alhali duk mun sani a sito yake aiki, wurin barguna da fitilu, kuma jirgin da ya taɓa hawa shi ne na aikin Hajji. Ban taɓa ganin mutumin da kaki ya cika wa ciki kamarsa ba, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa haka nake ganinsa ba.

Duk shekara Baba zai ce masa, "Kai, maganar nan fa ta Inna."

Shi kuma ya gyara zama ya ce, "Baba, ba ku san sha'anin soja ba ne. Yanzu akwai atisaye. A bari abubuwa su lafa."

Wata shekarar ya ce an yi sabon kwamanda. Wata shekarar ya ce ƙasa ba lafiya, ko tsuntsu ba a yarda ya gifta ba. Baba ya ce Allah ya kai mu. Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani, ni kuma na fara jin tsoro, don wanda ba ya gani ba zai nuna wa kowa komai ba.

Ashe ƙofar tana buɗuwa. Da Yallaɓai ya tashi aurar da 'yarsa, sai ga sanarwa cewa a cikin sansanin za a yi walima, a tsohuwar rumfar ajiye jirage da aka yi wa fenti aka sa mata na'urar sanyi, ake ba da ita haya ga masu biki. Wurin da aka hana tsoho shiga shekara da shekaru saboda tsaron ƙasa, ranar nan na ga masu kiɗa, masu hoto da masu sayar da balan-balan suna shiga, mai gadi na ɗaga musu hannu.

Na riƙo hannun Baba muka bar rumfar, muka nufi gabas yadda ya ce. Yallaɓai ya biyo mu da babbar riga yana haki.

"Baba, ina kuma za ku? Yanzu manyan baƙi za su iso."

"Tsamiyar nake nema," in ji Baba. Ya juyo wajena. "Kai, me kake gani?"

Na faɗa masa gaskiya. Babu tsamiya, babu ko kututturenta. Fili ne shimfiɗe da kwalta, an ja farin layi, motoci sun cika shi, a can gefe ga ɗakin janareta da tankin ruwa.

Yallaɓai ya duba agogo, ya nuna wani lungu kusa da tankin, wurin da ya fi kusa da mu. "Ai nan ne, Baba. Na bincika tuntuni. Ku yi addu'ar a nan mu koma."

Wallahi da ba don idon jama'a ba da na gaya masa maganar da za ta raba zumunci. Mutumin da aka haifa bayan an kafa wayar, wanda bai taɓa tambayar ko ta wace kusurwa gonar take ba, shi ne ya bincika. Baba bai ko juya wajen da ya nuna ba. Ya ɗan taka gaba, ya dawo, ya juya hagu, ya tsaya. Can ya ce, a hankali, "Ban gane wurin ba."

Sai ya sunkuya ya cire takalmansa ya miƙo mini. Rana ta take, kwaltar nan ko da takalmi ana jin zafinta.

"Haba Baba!" in ji Yallaɓai, yana waige-waige. "Mutane na kallo fa. Me za a ce da ni?"

"Ba a taka kabari da takalmi," Baba ya ce. "Tunda ban san inda take ba, ko'ina nan zai iya zama kanta nake."

Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a a tsakiyar motocin, ya shafa. Bai koma rumfar ba, bai ci abincin bikin ba. Haka ya taka ba takalmi tun daga filin har bakin ƙofar sansanin, tafiya mai nisa, ina riƙe da hannunsa, motocin manyan baƙi suna yi mana hon mu ba su hanya. Sai da muka fita waje ya karɓi takalmansa. A mota na duba tafin ƙafarsa, duk ya yi bororo.