Ranar da Kwat ɗin Mitwalli Ya Hau Mumbari

Shekara talatin da ɗaya Ammu Fanus, wato Baffa Fanus da Larabcinmu, ya yi yana guga a ɗakin ƙasa na otal ɗinmu da ke bakin teku a Iskandariya. Ni sunana Inji, aikina teburin karɓar baƙin taro ne, inda muke raba musu katin ratayawa a wuya. Shi kuwa sana'ar ya gada wurin mahaifinsa a Asyut. Otal ya saya masa dutsen guga mai fesa ruwa da kansa, amma har ya bar aiki da baki yake fesawa in ya ga ba kowa.

Bai taɓa shiga jirgin sama ba, sai dai babu wanda ya kai shi sanin halin jirgi. Duk taron da za a yi, sai an sami baƙon da ya sauka shi kaɗai, akwatinsa ya wuce wata ƙasa. Irin waɗannan nake gangarawa da su wurinsa. Yana da kabad cike da kayan da baƙi suka manta tun shekaru, kowanne a wanke a goge. Yana gwada wa mutum yana yi masa faɗa, ina fassarawa.

"Gaya masa, 'yata, kayan da zai yi jawabi da su a jakar hannu ake sa su, da maganinsa, da wayar caji. Kuma wa ya ce masa ana zuwa taro da sabon takalmi? Kwana uku zai yi yana ɗingishi. Ya riƙe katin otal a aljihu ya nuna wa mai tasi. Kada ya ce a kai shi otal ɗin bakin teku, duk garin bakin teku ne."

Nakan rage rabin faɗan kafin ya isa kunnen baƙo. Ammu ya sani, don yakan ce, "Na yi magana mai tsawon zani, kin ba shi hankici."

Wata shekara aka yi taron masana kifi. Babban mai jawabi wani dattijo ne daga Finland, Dokta Lahtinen, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga lif. Ya iso da safe cikin gajeren wando da riga mai hoton kifi, akwati babu, jawabinsa kuma ƙarfe goma sha ɗaya.

Ammu Fanus ya ɗaga kai ya dube shi, ya ƙara ɗagawa. "Ya Ubangiji! Wannan mutum ɗaya ne?"

Aka zazzage kabad. Wandon da ya fi tsawo a ƙwaurinsa ya tsaya. Sai Ammu ya ce in kira masa Mitwalli.

Mitwalli shi ne shugaban masu raba abinci, mutumin Aswan, shi ma dogo, kuma yana ji da baƙin kwat ɗinsa fiye da 'ya'yansa. Da ya ji abin da ake so, sai ya rungume ƙirjinsa.

"Ka haukace ne, Fanus? In tuɓe in ba shi, ni in raba shayi da me?"

"Ga jallabiya can. Ba cikinta aka haife ka ba?"

"Ni shugaba ne!"

"Shugaban cokula. Tuɓe, ɗan'uwana, awa biyu ne. Wa ke goge maka shi kullum ba ka ko gode ba?"

Ya tuɓe yana ƙunƙuni. Kwat ya zauna wa Dokta kamar don shi aka ɗinka. Ammu ya ɗaura masa ɗan ƙullin wuyan nan na masu raba abinci, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa. Cikin sauri duk muka manta abu biyu: katin taro na Dokta yana aljihun gajeren wandonsa, kuma alamar otal tana nan a ƙirjin kwat.

Lokacin hutun shayi ne muka hau sama. Na juya in amsa waya, da na waiwayo sai na ga wata baƙuwa ta miƙa wa Dokta kofin da ta gama da shi. Ya karɓa. Wani ya ɗora masa faranti. Mutum ne mai kunya, ya ɗauka al'adar garinmu ce babban baƙo ya yi hidima. Kafin in ratsa jama'a har wani farfesa ya tsare shi yana ƙorafin madara ta ƙare, shi kuma yana ba da haƙuri. Can gefe Mitwalli cikin jallabiya ya kasa aiki, wasu baƙi sun kewaye shi suna ɗaukar hoto da shi.

Da aka kira sunan mai jawabi, Dokta ya ajiye kofuna shida a kan tebur, ya hau mumbari. Farfesan madara ya nutse cikin kujera. Dokta ya gyara abin magana ya ce madara tana hanya, sannan ya shiga zancen kifi. Sai da aka yi minti biyu kafin dariya ta lafa.

Akwatin ya iso ranar da Dokta zai tafi. Ya gangara da kansa ya yi wa Ammu sallama, suka sha shayi ba mai jin yaren wani. Mitwalli kuwa tun ranar ya ce a riƙa kiransa Dokta, tunda kwat ɗinsa ya yi lacca an tafa masa.

Bara gwiwa ta sa Ammu Fanus ya ajiye aiki, ya koma wurin 'yarsa a Damanhur. Ran da zai tafi muka haɗa masa walima a ɗakin guga. Manaja ya fara jawabin yabo, Ammu yana ta kallon ƙirjinsa. Manaja bai kai tsakiya ba Ammu ya katse shi.

"Ustaz, yi haƙuri. Wa ya goge maka rigar nan? Cire ta, minti biyar ne."

Haka manaja ya ƙarasa jawabinsa cikin singileti.